Shagon da Bai San Maigidana Ya Ɓata Ba

Shagonmu ba shi da ƙofa, ba shi da rumfa. A cikin kwamfutar maigidana yake, a wata babbar kasuwar intanet inda mutanen Legas da Abuja suke sayen busasshen zoɓo da riɗi da tsamiya da zuma daga hannunmu. Mu kuwa muna Gummi, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida, buhuna jingine har bakin taga. Shi yake shiga ƙauyuka ya sayo, ni nake tsincewa in sheƙe in ƙulla a leda, a kai tasha. Maƙwabta sun daɗe suna ganin zaman banza yake yi, ƙato da shi ya zauna yana latse-latse. Sai da suka ga mota tana tsayawa ɗaukar kaya suka fara kiransa Alhaji, alhali ko filin jirgi bai taɓa takawa ba.

Abin da ya fi ba mu wahala shi ne sabis. Yau layin wannan kamfani ya kawo, gobe ya ɗauke, a zare a sa wani. An yi lokacin da aka kashe sabis gaba ɗaya, sai ya hau babur ya ƙetara ƙasar Sakkwato, ya zauna gindin bishiya da kwamfuta a cinya. To, duk wanda ya shiga intanet akwai adireshin da ake ganinsa da shi, kuma da ka canja layi ko gari, adireshin ya canja. Ita kuwa kasuwar nan zargi gare ta. Da ta ga baƙon adireshi sai ta rufe shago, ta ce ta tura lambar sirri zuwa wayar mai shi, a shigar tukuna. Sau da yawa kafin saƙon ya iso lambar ta mutu.

Shi ya sa ya kama hayar abin da ake kira furoksi. Yadda ya bayyana mini, ɗan aike ne: ba kai za ka tsaya a ƙofar kasuwa ba, shi za ka tura, fuskarsa za a gani. Iri biyu ne, kuma a shafin kamfanin da yake haya maɓalli guda ne ya raba su. In ka tura shi dama, mai juyi ke nan: kowane aike sabon ɗan aike, yanzu a gan ka daga Ibadan, anjima daga Fatakwal. In ka tura shi hagu, mai liƙewa: ɗan aike guda, adireshi guda a Legas, wanda maigidana yake sabunta hayarsa duk wata don kada a ba wani.

Kowanne da aikinsa. Yana da wata manhaja da take zaga ɗimbin shafuka tana duba yadda wasu suke sayar da zoɓo da riɗi, don mu san inda za mu tsayar da namu farashin. Wannan aikin mai juyi ne, domin fuska ɗaya in ta yi ta leƙe ba ta saye, kora take sha. Shiga shagonmu kuwa sai da mai liƙewa.

Ranar da ya koya mini, ya riƙe yatsana ya kai kan maɓallin. Ya ce, "In za ki leƙen kayan mutane, tura shi dama. In za ki shiga shagonki, maido shi hagu tukun. Ko da wasa kar ki manta, kin jiya?"

Na ce, "Na jiya, malam. Saura ka kawo bulala."

Ya yi dariya ya ce ni ce ɗalibar da ta fi kowa baki. Na ce ai ni kaɗai gare shi.

Da kaka ne, an gama yankan riɗi. Ya hau babur da hantsi zai je wajen Nasarawa Burkullu, inda wani manomi ya ajiye masa buhuna. Ya ce in bar masa tuwo a rufe. Waɗanda suka bi hanyar daga baya suka ce mutanen daji sun tare, sun kora matafiya cikin jeji. Wayarsa tana aljihunsa.

Sauran gidajen da aka ɗauki nasu, ɗaya bayan ɗaya aka riƙa kiransu. Mu shiru kake ji. Ban taɓa zaton zan yi ƙyashin matar da ɓarayi suka kira suna zagi ba, amma wallahi na yi. Ita ta san nata yana numfashi. Ni in na kira lambarsa, muryar macen nan ta kamfani ce take cewa wayar a kashe take. Na tsani muryar nan kamar ita ta ɗauke shi.

Bayan ƴan jaje sun ja baya, wata safiya na buɗe kwamfutar. Maɓallin yana hagu yadda ya bar shi. Na latsa, shago ya buɗe ba tambaya. Ga oda ta taru, ga saƙonnin masu saye, wannan yana cewa oga ina zomata, waccan tana cewa oga zoɓon ya iso lafiya. Ga taurarin yabo da ya tara cikin shekaru, ga amsoshin da ya rubuta wa mutane da Turancinsa mai yawan godiya. A wurin kasuwar babu abin da ya faru. Mai shago ya zo da fuskar da aka saba, yana zaune a Legas bai motsa ba. A duk duniya wurin nan kaɗai ne bai san ya ɓata ba, kuma ban ga dalilin da zan faɗa masa ba.

Na ci gaba da ciniki. Manoman da suka san shi suka riƙa aiko mini da kaya. Ina amsa wa masu saye irin yadda yake amsawa, har da yawan godiyar. Da wannan nake ci, da shi nake sa sutura, ban miƙa wa kowa hannu ba. In na buɗe shagon da safe kuma sai in ji kamar mun gaisa.

Amma na san a kan me nake tsaye. Da lambar wayarsa aka buɗe shagon. Ranar da kasuwa ta yi zargi, can za ta tura lambar sirri, can cikin jeji. Na gwada sa tawa lambar a madadin tasa, aka ce sai an tura saƙo ga tsohuwar tukuna, na yi maza na janye hannuna. Na je ofishin kamfanin waya a Gusau in karɓo layin, suka ce sai mai shi ya zo a ɗauki fuskarsa da yatsansa, in kuwa ya rasu a kawo takardar kotu. Na ce bai rasu ba. Ma'aikacin ya dube ni da tausayi, ni kuma na ɗauki jakata. Abin da ya rage mini shi ne ɗan aiken nan na Legas. Muddin shi yake zuwa ƙofa, ba mai tambayata komai.

Da zaman kaɗaici ya yi yawa, yayana ya zo ya kwashe ni zuwa Anka, inda yake zaune da iyalinsa da Innarmu. Aka ba ni ɗakin da ke kusa da na Inna. Na jona kwamfuta da wutar sola, na sa layin da yake kamawa a can. Shago ya buɗe. Na tashi daga gari zuwa gari da kayana a bayan mota, kasuwa ko a jikinta.

Yaya kayan masarufi yake kai wa masu aikin zinariya a wajen Abare, kuma shi ne mutumin da ya fi kowa iya ɓad da sawu a cikin waɗanda na sani. Ba ya bin hanya ɗaya sau biyu a jere. Ba ya fita lokaci guda. Ya ce da matarsa zai fita da azahar, ta leƙa da hantsi ta ga ba shi. Yau hula, gobe rawani, jibi kai ba komai. Babur ma musanya yake yi da abokansa. Layin waya kuwa kamar yana cin su da miya, kafin ka haddace wannan ya jefar ya sayi wani. Inna takan ce ta haifi ɗa guda amma baƙi goma suke kiranta. Muna yi masa dariya, sai dai ba mu isa mu ce ya yi kuskure ba. Abokansa da suke da lokacin fita sananne da hanya sananniya, da yawansu yau sai labari.

Shi ya fara yi mini maganar alƙali. Ya ce akwai hukuncin matar da mijinta ya ɓace, in je a fara duba lamarina, kada in tsufa a tsaye. Na yi kunnen uwar shegu da shi. In ya ɗauko zancen sai in tashi in hau tsintar zoɓo.

Wata rana ya same ni ina sabunta haya, ya tsaya a kaina ya ce, "Auta, wanga abu da kika biya dut wata, mi na na?"

Na ji daɗin tambayar, domin tun da na zo ba wanda ya taɓa tambayata komai game da aikina. Na nuna masa maɓallin, na yi masa bayani tiryan-tiryan, dama mai juyi, hagu mai liƙewa. Da na zo kan mai juyi idonsa ya yi haske, kamar ya haɗu da ɗan'uwansa. Da na zo kan mai liƙewa ya ɓata fuska.

Ya ce, "Wai ke nan wuri guda kika zamne, kowa na ganinki? Ga wayar mijinki hannun mutanen ga?"

Na ce, "Yaya, adireshin ga Legas shike, ba Anka ba. Ba mai biyo shi ya iske ni."

"Ke dai ba ki san su ba. Wanda yaz zamna wuri guda, shi su ka kamawa. Ga mai canzawa Allah ya ba ki, kin tsaya ga na zamne."

"Kasuwa ba daji ta ba, Yaya. Can in ba a san ka ba, ba a buɗe maka."

Ya girgiza kai ya fita yana cewa yaran zamani. Na ɗauka maganar ta wuce.

Ana nan sai labari ya zo cewa wasu da aka daɗe da ɗauka sun kuɓuto, an kai su asibiti a Bukkuyum. Ban tsaya shawara ba, na ce da safe zan bi ayarin motocin da za su tafi. Damuwata ɗaya, akwai wata mata a Abuja, tsohuwar mai sayenmu, da ta ce za ta sa babbar oda a ranar, kuma kasuwa ba ta son oda ta kwana ba a amsa ba. Yaya ya iya waya, ya yi sakandare. Na nuna masa: ka buɗe nan, ka latsa nan, shi ke nan. Ya ce in tafi hankali kwance.

A Bukkuyum na same su zaune ƙarƙashin darbejiya a harabar asibiti, an shimfiɗa musu tabarmi. Ƙafafu a kumbure, gashi ya cukurkuɗe, idanu sun faɗa. Mu masu nema mun fi su yawa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina duba fuska, sannan na sake bi ina nuna hotonsa a wayata. Wani dattijo mutumin Zugu ya karɓi wayar ya daɗe yana kallo. Daga nan ya miƙo mini ya ce, "Yi haƙuri ɗiyata, ban gane shi ba." Wata mata kusa da ni ta ga nata, ta faɗi tana kuka tana dariya. Na taya ta murna da bakina, na koma mota na zauna tun kafin a cika.

Na iso Anka rana ta yi sanyi. Na tarar da Yaya a ƙofar ɗakina, ya kasa tsaye ya kasa zaune. Bai tambaye ni yadda na samu Bukkuyum ba, fuskata ta faɗa masa.

Ya ce, "Auta, abin ga naki ya ƙiya. Na dai gyara maki shi tukun, na maishe shi ga mai canzawa don kar a bi sawunki. Da nil latsa sai yab buɗe, yas sake ruhewa. Nis sake, nis sake. Yanzu wai wata lamba shika so."

Na ture shi na shiga. Maɓallin yana dama. Kasuwa ta ga mai shago a Legas, ta gan shi a Ibadan, ta gan shi a Fatakwal, duk kafin ruwan shayi ya tafasa. Ta yi abin da kowane mai gadi zai yi. Na mayar da maɓallin hagu, na latsa. Ɗan aiken da aka sani ya je ƙofa, aka ce masa a'a, yanzu kam sai an ga shaida. A tsakiyar allon an rubuta cewa an tura lambar sirri zuwa wayar mai shago, ga kuma wutsiyar lambar maigidana a ƙasa.

Na faɗa wa Yaya maganganun da ƙanwa ba ta faɗa wa yayanta. Na ce shi da ba ya iya zama da hula ɗaya, me ya kai shi taɓa abin da aka ce a bar shi inda yake. Na ce mutanen daji sun ɗauke mini miji sau ɗaya, shi kuma ya ƙarasa. Inna ta fito tana salati tana cewa in yi shiru. Yaya ya tsaya yana kallon ƙasa, can ya ce a hankali, "Tsoro nij ji maki." Na san gaskiya ya faɗa, kuma sanin bai rage mini komai ba.

Daga ranar gidan ya yi mini faɗi. Ana hira a tsakar gida, ina ɗaki. Yaya ya riƙa kawo mini tsaraba yana ajiyewa a bakin ƙofa, yau kilishi, gobe atamfa, har da sabon layin waya, wai in jefar da nawa ya daɗe. Na mayar masa da layin. Na rubuta wa masu kula da kasuwar, suka amsa da ladabi cewa mai shago ne kawai zai iya neman a buɗe. Na buɗe sabon shago da sunana. Ba tauraro ko ɗaya, ba wanda ya san ni, kuma mutumin Legas ba ya tura kuɗinsa ga baƙuwar fuska daga Zamfara. Zoɓon da na tara ya fara dushewa a buhu. Na koma sayar da shi mudu-mudu ga matan unguwa.

Tsohon shagon kuwa ban daina zuwa ƙofarsa ba. Ban fasa sabunta hayar ɗan aiken ba, ko da yake ba abin da yake buɗe mini. A ƙasan allon akwai wurin da aka ce a latsa in ana so a sake tura lamba. Nakan latsa. Na san ba hankali a ciki, amma shi ne kaɗai saƙon da nake da tabbacin an aika da sunansa. Bayan na latsa sai in kira layin, macen kamfani ta ce a kashe yake, in tashi in ɗora girki.

Damina ta zo ta wuce, wata ma ta zo. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na latsa kamar kullum, na kira. Sai na ji wayar tana ƙara.

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Aka ɗauka. Na ji ƙarar keken ɗinki ta tsaya, sannan muryar tsoho ta yi sallama. Hausarsa ba irin tamu ba ce, ta gabas ce.

Na kira sunan maigidana. Ya ce ba shi ba ne. Na ce ina mai wayar? Ya ce shi ne mai ita, ɗansa ya saya masa layin sabo a leda a Gombe, shi tela ne. A nan na gane. Layin da aka daɗe ba a kunna ba, kamfani yakan karɓe ya sayar wa wani. Su sun gama jiransa.

Tsohon ya ce, "Ke ce kike turo mini lambobin nan? Yau da na sa layin a waya sai ga su sun shigo. Na ce ƴan damfara sun samo ni."

Na zauna a ƙasa na ba shi labari tun daga hanyar Nasarawa Burkullu har zuwa maɓallin da Yaya ya tura. Bai katse ni ba. Da na gama na roƙe shi ya karanto mini lambar da ta shigo.

Ya ce, "Yarinya, labarinki ya taɓa ni. Amma kullum a rediyo ana cewa kada a karanta wa kowa irin wannan lamba. Su ma ɓarayin da kuka suke zuwa."

Na ce, "Baba, mi za ni yi ka yarda?"

"Ki kira ni gobe da wannan lambar taki. Jibi ma haka. Mu gaisa kawai. Macuci ba ya daɗewa da layi ɗaya, kuma ba shi da haƙurin gaisuwa. In na gamsu zan faɗa miki."

Haka na shiga kiran lambar mijina kullum da hantsi ina gaida wani tsoho da ban taɓa gani ba. Kwanakin farko da ƙyar nake iya cewa ina kwana. Shi kuwa ba ya gaggawa. Ya tambayi Inna, ya tambayi ruwan bana, ya tambayi yadda ake gane zuma mai kyau. Ya ce Hausata sai ya kasa kunne biyu yake kamawa, na ce tasa ce ba gishiri. Na san matarsa ta rasu, na san ƴaƴansa sun watsu a birane, na san idonsa ya fara gajiya da zura zare a allura. Ashe shi ma wayarsa ba ta cika ƙara ba.

Da Yaya ya ji, hankalinsa ya tashi. Ya ce wa ya sani ko ɗan leƙen asirin mutanen daji ne, in canja layi yau-yau. Na dube shi kawai. Ya buɗe baki zai ƙara, ya tuna, ya rufe.

Sai da aka fara girbin gero tsohon ya ce, "To, ɗiyata, turo lambar taki."

Na duba maɓallin sau ba adadi, yana hagu. Na latsa. Ya ce ta shigo, bari ya nemo tabarau. Na ji yana ɗaga yadi, yana ture almakashi, yana faɗa da kansa. Kafin ya samo lambar ta mutu. Na ce, "Baba, don Allah rataya shi ga wuya!" Ya ce in daina yi masa tsawa, shi ba yaron shagona ba ne. Muka sake. Ya karanto ɗaya bayan ɗaya, yana ja kamar mai karatun allo, ina shigarwa.

Shago ya buɗe. Taurarin suna nan. Amsoshinsa suna nan da godiyarsu. Saƙon matar Abuja na ƙarshe yana sama, tana tambaya oga lafiya kuwa, shiru haka. Na kifa kaina a kan tebur, tsohon yana ta cewa, "Ya buɗe? Ke, ya buɗe?"

Na ce ya buɗe. Na kuma ce masa saura abu guda. In na bar shagon a kan wannan layin, duk ranar da aka sake zargi sai na dawo na tashe shi neman tabarau, kuma ranar da layin ya bar hannunsa na rasa shagon har abada. Dole in cire lambar in sa tawa, kuma za a sake turo masa saƙo.

Ya ce, "Haka ya kamata." Can ya ƙara da cewa, "In yana raye Allah ya dawo miki da shi. In ya riga mu, Allah ya jiƙansa." Shi ne mutum na farko da ya faɗi rabin na biyu a kunnena ban yi masa faɗa ba.

Na shiga wurin da aka rubuta lambar mai shago. Da hannunsa maigidana ya shigar da ita, a ɗakinmu na Gummi, ina zaune ina tsintar riɗi. Na ɗora yatsa a kan abin gogewa. Ba ta gogu gaba ɗaya, sai ɗaya bayan ɗaya, daga ƙarshe zuwa farko, kuma kowace na san ta. Da wurin ya zama fari na rubuta tawa. Tsohon ya karanto saƙon, kasuwa ta ce an karɓa. Na buɗe saƙon matar Abuja na rubuta mata cewa oga ba ya nan, matarsa ce take magana, kuma akwai sabon zoɓo.

Da na ɗaga kai, Yaya yana tsaye a bakin ƙofa, ban san tun yaushe ba. Bai shigo ba. Na ce masa ya shigo ya zauna, ya zauna a bakin gado nesa da kwamfutar, hannuwansa a tsakanin gwiwa.

Washegari da hantsi ina shanya zoɓo a tsakar gida, wayata ta yi ƙara a kan tabarma. Na leƙa. A kan allon an rubuta Maigida, yadda na ajiye lambar tun muna amarci. Tun ranar da ya hau babur sunan nan bai haska a wayata ba, kullum ni nake kira. Na san ko wane ne. Duk da haka na tsaya ina kallo, na bar ta tana ƙara, har Inna ta ce daga ɗaki, "Auta, ba ki ɗauka?"

Na ɗauka. Tsohon ya ce ya ji shiru ne yau, ya ce bari ya ji ko shago ya kwana lafiya. Na ce lafiya lau, Baba. Muka gaisa, ya tambayi Inna, ya yi ƙorafin allura.

Da muka gama na shiga wurin sunaye, na goge Maigida na rubuta Baba tela. Yaya yana zaure yana ɗaure kaya a babur ɗin aro. Na sa mayafi na fita na same shi, na ce in ya dawo ina so ya raka ni wurin alƙali.